Jawabina a Sunan Takwaran Surukina

Sati biyu ba ni da sukuni, tun da na karanta littafin wani masanin falsafa Bafaranshe da ya ce ba a haifar mutum da halinsa, shi ke gina kansa da zaɓinsa. Magana ta cika mini ciki, na rasa mai saurare.

Sai ga sunan ɗan ƙanen matata a Nassarawo. Aka sa wa jariri sunan surukina, liman ya roƙi Allah ya sa ya gaji mai sunan. Kowa ya shafa. Ni kuwa na miƙe, na gyara hula.

"Jama'a, yaron nan ba zai gaji kowa ba! Shi zai zaɓi abin da zai zama."

Mai rabon goro ya tsaya cak. Na ɗauka jawabin ne ya ratsa su, na ƙara minti goma.

Surukina ya ɗago kai ya ce, "Malam, wane halin nawa ne ba ka so ya ɗauka?"

Ban tsaya cin ragon ba.

Yanzu yaron shekararsa huɗu. Duk ranar da ya yi fitsarin kwance, uwarsa sai ta bugo wa matata waya: "Gaya wa Malam, ɗalibinsa ya sake zaɓa."