Ettore Ya Dawo Gidan Kaka Filomena

"...lafiya lau, sai ganinka. Wa ya mutu?"

Haka Kaka Filomena ta amsa gaisuwar jikanta Saverio, tana ta murza taliya a ƙofar gida. Ni maƙwabciyarta ce a garin Bitonto na Italiya tun muna amare. Yaron daga Milan ya sauko, matarsa na dab da haihuwar namiji.

"Ba wanda ya mutu, tsohuwa. Ke muke jira, kin ƙi."

"Sai na binne ka da wannan matsattsen wandon. Me ka kawo min?"

"Albishir. Mun zaɓi suna. Ettore."

Hannunta ya tsaya cak. Sunan marigayi mijinta ke nan. Ni da na sha jin kukanta ta bango, wallahi raina ya ɓaci.

"Sunaye sun ƙare a Milan ne?"

"Shi ake yayi yanzu. Duk makarantar yara da kika leƙa sai kin ji ana kiran Ettore. Tsohon suna ne, daga Girkanci, wai mai riƙo gam."

"Riƙo kam ya iya. Tambayi wuyan hannuna."

"Ke ma fa ba kanwar lasa ba ce. An ce har fadan coci yana ganinki yake sake hanya."

"Fadan ne ya ce in yi haƙuri. Na yi, har haƙorana suka zube. Kai, mai kan tulu, ka san me ya sa ba a ce maka Ettore?"

"Saboda na fi shi kyau."

"Ɗan fari sunan kakansa yake ci, ko jaki ya san wannan. Ni na tare ƙofar coci ranar baftismarka, na ce sai dai a taka ni. Dangi suka daina gaishe ni. Na ƙwato ka da ƙyar, yau ka je ka sayo min shi sabo fil kamar takalmi."

Saverio ya daina murmushi. Ya tsuguna gabanta.

"Kaka, ba wanda ya taɓa gaya min. Hotonsa kawai na sani. In kin ce a'a, a'a ɗin ce."

"Matarka na so?"

"Har ta saƙa shi a bargo."

"Shashashai, ku duka biyun."

Can ta yi wata dariya da ba ta yi min daɗi ba, ta tura masa faifan taliyar gaba ɗaya.

"Kai mata, ta ci. Ku sa wa jaririn sunan. Amma duk bazara a kawo min shi."

"Don ki lalata shi da alewa?"

"Don kafin in mutu in ce, 'Ettore, rufe min baki,' in ga ya rufe."