Magogin Baba a Dutsen Niƙa

Na gama sakandare na dawo Gwandu, ina jin ba abin da ban sani ba. Baba kafinta ne. Rannan ya ce gindin magoginsa na fere katako ya yi sumul, wanda ya gada daga maigidansa na Kalgo, ya ɗan karkace, sannan ya tafi masallaci. Na ce yau zai ga amfanin boko! Na gurza shi sosai a dutsen niƙan Inna, na manta tsakiyar dutsen kwari ne.

Baba ya dawo ya juya shi, gindi ya yi tumbi kamar kwalekwale.

"Ɗiyata, mi na yi miki?"

Na fashe da kuka. Tun ranar, ko kujera ta yi gurgunta sai Inna ta dube ni ta ce, "A kira Injiniya, ga dutse nan."