Marsiyar da na kai Gafasa

Ko tsufa zai kwashe mini komai na zamanin makaranta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki marsiya na kai Gafasa ba. Har yau in abin ya faɗo mini, ko ina tsakiyar cin tuwo ne sai na tsame hannu. Ina aji huɗu na sakandare a lokacin, farkon shekarun saba'in, ana kashe sule da sisi, ni kuwa ina ji da kaina kamar ba a taɓa haihuwar mai basira irina a ƙasar Gaya ba.

Malaminmu na Hausa ne ya jawo, ko da yake ba laifinsa ba ne. A shekarar ya fara koya mana rubutacciyar waƙa: yadda ake jera ɗango, wato layukan waƙa, a tada baiti, yadda ƙarshen baitoci ke zuwa da amo iri ɗaya, wanda ake kira amsa-amo, da yadda ake rerawa. Abin ya shige ni fiye da kima. Na yi wa kuɗin cizon ɗakin kwananmu waƙa, na yi wa ƙararrawar asuba waƙa, har motar da ke kwaso mu daga Kano ta bi ta Wudil ta sauke mu a Gaya sai da ta samu tata. Da muka zo kan marsiya, wato waƙar da ake yi wa mamaci, sai Malam ya ce, "Marsiyar da ba ta sa mai sauraro hawaye ba, da sauranta." Na haɗiye maganar nan ɗungurungum, ban tsaya na tambayi wane mai sauraro ba, kuma a ina.

Mutum ɗaya ne ke da haƙurin sauraron waƙoƙin nan nawa, shi ne Umaru. Gadonsa na kusa da nawa. Mutumin Gafasa ne, can ɓangaren Ajingi, daga gidan Fulanin da suka zauna suna noma amma ba su rabu da shanu ba. Ba shi da yawan magana. In na gama rera masa sai ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan ta fi ta jiya." (Sai da na girma na gane kullum haka yake cewa, kuma bai taɓa cewa ta jiyan tana da kyau ba.) In an yi hutu tare muke saukowa, ya kwana gidanmu a Gaya, da safe ya kama hanyar gida.

A hutun damina na shekarar, ran kasuwa, wani mai sayar da dabbobi ya tsaya ƙofar gidanmu ya nemi ɗan makarantar nan abokin Umaru. Ya ce maciji ya sari Umaru a gona suna noman maimai, bai kai wayewar gari ba. Har an binne shi.

Na yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, wannan kam ba zan yi wa kaina sharri ba. Amma hawayen bai gama bushewa ba na ji wani abu na ce mini, to ga ranar marsiya ta zo. Na koma gindin tsamiyar bayan gidanmu na duƙufa. Da yake Malam ya ce amsa-amo ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, sai na ga ai babu abin da ya fi in ɗora waƙar a kan sunan mamacin. Na nemo "faru", na nemo "taru", na nemo "ƙaru", kalmomin suka ƙare mini. Sai kawai na riƙa rufe kusan kowane baiti da Umaru, Umaru, Umaru. Na haddace ta tsaf, ina rerawa ina jin tausayin kaina.

A nan ne ya kamata hankali ya zo mini, domin Umaru ɗan fari ne, kuma na sani. Ni ma ɗan fari ne. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko ɗaukata ba ta yi a gaban mutane ba ina ƙarami. To kunyar Fulani ta ninka tamu. Uba ba ya ambaton sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi, in kuwa ya mutu sai ya zauna ya karɓi gaisuwa kamar ɗan wani ne ya rasu. A wurinsu mutuncin namiji ke nan, kuma da shi ake tuna mutum. Duk na san wannan tun ina yawo ba wando. Amma da yake ba a cikin aji aka koya mini ba, ban lissafa shi cikin ilimi ba.

Ranar sadakar uku Baba ya ba ni kekensa ya ce, "Ka je ka yi musu gaisuwa, ka ce ina yi musu ta'aziyya. Kada ka daɗe." Ban gaya masa abin da na ƙunsa ba. Na saka farar rigar makaranta, na soke biro a aljihu don a san wanda ya zo, na kama hanya. Gero ya yi baƙi ƙirin hagu da dama, yashi ya jiƙe, keke na ta nutsewa, ni kuwa ina tafe ina bitar baitoci.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin wata babbar ɗorawa a ƙofar gida. Dattawa sun cika wurin, ana raba gumba. Aka nuna mini mahaifin Umaru, Malam Buba, wani dogon mutum siriri mai furfura a gemu, da carbi a hannu. Idonsa a bushe ƙamas. Duk wanda ya zo ya ce, "Ya haƙuri?" sai ya amsa, "Da godiya," a yi addu'a a shafa. Har na ji yana tambayar wani baƙo ko ruwa ya sauka a wajensu. Wallahi sai na ji haushinsa. Na ce a raina, dubi mutumin nan, ɗa kamar Umaru ya tafi amma yana zancen ruwan sama. Bari in tuna masa abin da ya rasa.

Na durƙusa na gaishe shi, na isar da saƙon Baba, aka yi addu'a. A nan kowane mai hankali yake ja da baya ya nemi gefen tabarma. Ni sai na miƙe tsaye, na gyara murya, na ce, "Jama'a, ni abokin marigayi ne, na zo da 'yar marsiya." Ban jira an ce bismilla ba na fara.

Na buɗe da sunan Allah da salati, dattawa suka amsa, don sun zaci addu'a ce. Sai na shiga:

Ya Rabbi ka jiƙan aboki Umaru,
Ka ba shi inuwa ran da za a taru.

Mai raba gumba ya tsaya da ƙwarya a hannu. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Ni kuwa na ɗauka daɗin waƙar ne ya kashe musu jiki, sai na ƙara ɗaga murya, ina jan sunan nan a ƙarshen baiti yadda har cikin gida za a ji. Na lura carbin Malam Buba ya daina tafiya. Na ce madalla, ta fara kama shi.

Sai na zo kan baitin da na fi alfahari da shi. Na juya na fuskanci mutumin nan, na miƙa hannu na nuna shi (haka muke yi a aji in muna rerawa), na ce:

Uban Umaru, yau ina Umaru?
Abin da kake tsoro ga shi ya faru,
Wa za ya kora ma shanu in ba Umaru?

Kafaɗunsa ne suka fara rawa. Ya cije leɓe, ya ja gefen rawani zai rufe fuska, amma ina, abin ya riga ya ƙwace masa. Wani irin sauti ya fito daga ƙirjinsa, ban taɓa jin babban mutum ya yi irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Hawaye ya bi gemu. A gaban ƙannensa, da surukansa, da baƙin da suka zo daga rugage. Ya yunƙura ya tashi yana tangaɗi, ya bar takalmansa a nan, ya zaga bayan gida. Cikin gida kuma mata suka ɓarke da kuka sabo, bayan an sha wahala an lallashe su.

Ga inda ya fi ci mini rai. A daidai lokacin nan, daɗi na ji. Na ce a raina, marsiya ta cika, ina ma Malaminmu na Hausa yana nan. Kuma, Allah ya yafe mini, na ɗauko baiti na gaba.

Ban kai ƙarshensa ba na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ƙanen Malam Buba ne, Malam Iro. Ya ce, "Ya isa haka, yaro." Bai ɗaga murya ba. Ya ja ni gefe, wajen da na jingine keke, ya daɗe yana kallona, da farar rigata da birona.

Ya ce, "Kai ɗan gidan wa ka ce?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Gidan mutunci kuwa. To saurara. Tun da aka haifi yaron nan, yayana bai taɓa kama sunansa ba. A cinyarsa ya cika. Shi ya tsaya aka yi masa wanka, shi ya bi gawa, babu wanda ya ga idonsa ya jiƙe. Abin da ya rage masa ke nan a gaban jama'a, da shi yake zaune a kan tabarmar nan. Kai ka taso takanas daga Gaya ka karɓe. Yanzu da wace fuska zai dawo ya zauna?"

Na waiwaya wajen tabarma, babu wanda ya kalle ni, ko harara ban samu ba. Da zagina suka yi da na fi jin sauƙi. Malam Iro ya ce, "Je ka. Ka gaida mahaifinka."

Ban iya hawa keken ba, sai na riƙa turawa. Hanyar ta bi ta gefen garken shanunsu. Ina zuwa na hango Malam Buba tsaye a tsakiyar shanu, ƙafa ba takalmi, ya juya wa hanya baya, hannunsa a kan tozon wani sa. Na so in sulale in wuce, amma keken Baba ba ya tafiya a ɓoye, komai nasa ƙara yake.

Bai juyo ba ya ce, "Ɗan makaranta."

Na yar da keke na durƙusa. Na ce, "Baffa, ka yi mini aikin gafara. Wallahi ban..."

Bai bi ta kan wannan ba. Can sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Shi wancan, abokin naka. A can makarantar taku, yana ƙoshi kuwa? Duk ya dawo sai in ga ya rame. Ban taɓa tambaya ba."

Ba mu taɓa ƙoshi a makarantar nan ba, ko sau ɗaya. Ni da na zo da baitoci fal ciki, sai da na lalubi abin faɗa da ƙyar. Na ce, "Yana ƙoshi, Baffa. Sosai ma."

Ya gyaɗa kai, har yanzu bai juyo ba. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Allah ya kai ka gida lafiya."

Daga baya na ji bai koma kan tabarmar ba ranar, ƙannensa ne suka ƙarasa karɓar gaisuwa. Da muka koma makaranta Malam ya ce kowa ya kawo waƙar da ya rubuta a hutu, na ce ban rubuta komai ba, na karɓi faɗa na zauna.

Ban daina waƙa ba, kada in yi muku ƙarya, wannan ciwon ba ya warkewa. Amma in na je gaisuwar mutuwa na tarar da mutum zaune idonsa a bushe, ba na ƙara cewa bai ji zafi ba, kuma ba na ɗaukar wa kaina aikin tuna masa. In ce ya haƙuri, a yi addu'a in shafa, in ja bakina in tashi tun wani baiti bai faɗo mini ba.