Rasuwar Hajiya Kwanta-Ƙasa, Motar Maikuɗi na Waca

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan gidan Maikuɗi na bayan tasha, a nan garin Waca, suna sanar da ƴan'uwa da abokan arziki na Magariya da Dungas da Mallawa, har da na ƙetaren iyaka, rasuwar motarsu, Hajiya Kwanta-Ƙasa. Ta cika ranar Laraba da hantsi a bakin ƙofar ɗakinta, bayan doguwar jinya, mai ita yana zaune a cikinta.

Marigayiya ba ƴar nan ba ce. A ƙasar Turawa aka haife ta, ta yi ƙuruciyarta a hannun masu hali, sai da girma ya fara kama ta ta tsallako teku ta sauka Kwatano. A can Maikuɗi ya gan ta, lokacin yana cikin direbobin da ke koro motoci daga bakin ruwa zuwa Nijar. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu na fata mai laushi, cikinta kuwa dab da ƙasa, kaza ma sai ta rusuna kafin ta shige ƙarƙashinta. Abokan aikinsa da suka tara abin da suka tara, wannan ya sayi mai ɗaukar buhuna, wancan ya sayi ta haya. Shi kuwa ita ce ta kwanta masa a rai. Ya ce ya gaji da kai wa mutane abin da suke so, sau ɗaya dai a duniya zai kai wa kansa.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Ba ta taɓa buge ɗan kowa ba. Ba ta taɓa tsayawa cacar baki da jandarma a hanya ba. Ba a taɓa ɗora mata buhun gero ko a ɗaure mata akuya a baya ba, ita ma ba ta taɓa nuna tana so ba. Uwa uba, ba ta yawo. Tun ranar da ta shiga ɗakinta ba wanda zai ce ya gan ta a ƙofar gidan wani.

To, a hanyar kawo ta, a kan gudro, wato kwalta, kam an ce ta yi abin a faɗa, itatuwan gefen hanya suka haɗe kamar zana. Amma inda baƙar hanya ta ƙare, nan yashinmu ya karɓe ta, ya rungume ta har wuya, wani abu ya yi ƙara a cikinta, ta yi shiru. Bijimai biyu na wani manomi Sharifu ne suka jawo ta cikin gari, ran kasuwa, ta tsakiyar tasha, Maikuɗi yana zaune riƙe da sitiyari ya sa gilashin rana.

A tashar nan akwai Mansur, direban taksi, ɗan gwaggon Maikuɗi, wato taubashinsa, wanda Allah ya ba shi baki kuma al'ada ta ba shi izini. Ya zagaya ta, ya duƙa ya leƙa ƙasanta, ya tambaya ko harawa take ci ko dusa, tunda ga dukkan alama da shanu take aiki. Shi ne ya raɗa mata sunan da ya bi ta. Sannan ya dafa kafaɗar Maikuɗi ya ce kada ya damu, duk ranar da yake son tafiya ta gaske, gidan gaba na taksinsa a ajiye yake dominsa.

Tasha ta ɗauki dariya. Maikuɗi ya cire gilashi, ya ɗaga yatsa sama a gaban jama'a ya ce, "Wallahi tallahi, ba zan sake fita garin Waca ba sai a cikinta, da ƙafarta."

Daga wannan ranar jinya ta fara, ta mutum biyu.

Bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Ya ce masu gyaran nan guduma suka sani, ita kuwa ba a saba yi mata tsawa ba. Ya gina mata ɗaki a jikin zaure, ya haƙa rami a tsakiya don ya riƙa shiga ƙarƙashinta, ya sayi kirik na ɗaga mota da kile iri-iri na kwance ƙusa, wanda bai samu ba ya zana wa maƙeri a ƙasa aka ƙera masa. A cikin salula yake kallon wasu Turawa suna kwance irinta suna bayani da harshen da ba Faransanci ba, shi dai hannunsu yake bi. Ya wanke buji mai ba wa inji wuta, ya sauya buji. Ya tace isans, wato fetur, da ɗankwalin matarsa Hinda, saboda marigayiya ba ta shan na kwalba sai an tace. Ya yanka kwalin sukari ya toshe inda mai ke tsiyaya. Ya kwance ta gaba ɗaya ya baza a tabarma, ya mayar, sai ga ƙusoshi sun yi saura; ya sake kwancewa ya mayar, saura suka ƙaru.

Abin tausayin ma, kayan gyaranta ba a Waca suke ba, suna Damagaram ko Kano, shi kuma rantsuwa ta ɗaure shi. Sai ya zana abin da yake so a kwali ya ba wa Mansur ɗin nan dai, don shi ne mai fita. Mansur ya dawo da wani abu mai kama da shi, amma ya fi girma kaɗan, ko haƙoransa sun juya hagu, ya miƙa masa yana tambayar jikin mai jiki.

Maƙwabta ba za su manta muryarta ba. Bayan an karya kumallo sai ka ji kyar-kyar-kyar, kyar-kyar-kyar, sannan tus. Wata ran ta yi gur-gur kamar za ta yi magana, Maikuɗi ya riƙe numfashi, sai ta yi atishawa ta koma barci. Mata sun daina duba rana, da tarin Hajiya suke ɗora tukunya.

Kulawa kam ta same ta. Daminar farko ruwa ya shiga ɗakinta har ya taɓa ƙofofinta, Maikuɗi ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Da aka ɗauke ruwa ya ɗaga dokin ƙofa da layin tubali guda. Kun dai san yadda muke yi, kowace shekara kafin ruwa ya sauka kowa yana yaɓe katangarsa. To shi ɗakin Hajiya yake fara yi, ciki da waje, har da gefen ƙofa, saboda zafi da ɓeraye, kuma kowane yaɓe sai ya ƙara wa dokin ƙofa tsawo, har daga baya ya shafe shi da siminti. Ruwa bai ƙara shiga ba. Bai kuma taɓa zuwa masa a rai ya auna ba, tunda ba fita take ba.

Shi ma ba fita yake ba. Liman ya yi masa fatawa cewa gonarsa ta kusa cikin gari take, ta nesa kuwa sai ya ba da aro. An yi bukukuwa a Mallawa ba shi, an yi sunaye, an yi rashe-rashe, sai dai ya ba da saƙo. Rani ya zo samari da magidanta su watse neman kuɗi, mutumin da ya san hanyar Kwatano kamar tsakar gidansa ya zauna da tsofaffi. Da la'asar yakan taka har tsamiyar ƙarshen gari, ya tsaya yana kallon motoci suna shigewa cikin ƙurarsu, ya juyo. Tun shekarar farko liman ya gaya masa ƙofa a buɗe take: ya ciyar da miskinai goma, ya yi kaffara, ya tafi inda yake so. Maikuɗi ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, amma yin haka kamar ya ce ta mutu ne, ita kuwa da sauran numfashinta.

Da a ce biki da suna kawai yake rasawa, da da sauƙi. Mahaifiyarsa, Inna Salma, tana Dogo-Dogo wajen ƙanensa, tsufa ya hana ta hawa mota, idanunta kuma suna ta yin hazo. Duk zuwan Mansur sai ta ba shi saƙo: a ce wa Maikuɗi ya zo tun tana gani. Shi kuma ya aika da sukari da turare da cewa saura kaɗan, abu ɗaya ya rage. Abu ɗayan nan ya yi ta sauya suna. Hinda ta yi magana har ta gaji, ta koma miƙa masa tsumma kawai.

A makon jiya Mansur ya dawo da saƙo na daban. Ya same shi a cikin rami, ƙafafunsa kawai ake gani, ya tsuguna ya faɗa masa yadda aka faɗa: "Ta ce kada ka yi gaggawa saboda ido, ido ya riga ya tafi. Amma hannunta yana nan. Ka kai mata fuskarka ta shafa."

Ƙafafun nan sun daɗe ba su motsa ba.

Kwanakin da suka biyo baya bai zauna majalisa ba, salla kawai ke fito da shi. Ranar Laraba da hantsi ya murɗa makulli. Kyar-kyar-kyar. Ya sake. Sai marigayiya ta buɗe murya, wata irin ƙara mai kauri da ba a taɓa jin irinta a Waca ba, ɓurrrrr, har kwanukan Hinda suka yi rawa a kan kanta. Bai tsaya sauya riga ba, bai tsaya sallama da kowa ba, tsoronsa kada ta sake tunani. Ya ja ƙofa ya rufe, ya sa giya, ya taka.

Ta zabura kamar ta tuna ƙuruciya. Tayoyin gaba suka haye dokin ƙofa, cikinta ya sauka a kan simintin, aka ji ƙwas. Ta ce gur, ta ce gur, ta yi wani dogon huci, shi ke nan. Baƙin mai ya malalo ta ƙarƙashinta ya bi gangaren titi. Rabinta a waje, rabinta a ciki, ƙofofinta biyu sun matse a tsakanin ginin da ya yi ta kauri shekara da shekaru. Gilasanta kuwa da wuta suke sauka, wuta ta ɗauke. Maikuɗi ya tura dama, ya tura hagu, ko yatsa ba ya fita.

Gari ya taru. Rana ta take, zufa tana zuba a idonsa, yana kallon hanyar Dogo-Dogo ta gilashin gaba, ga ta nan miƙe. Aka aika a kira magini da diga. Kowa kuma yana satar kallon Mansur, ana jiran abin da zai fito daga bakin nan, don ko a mafarki taubashi bai taɓa samun rana irin wannan ba.

Mansur ya zo ya duƙa ya dubi man da ke ƙasa, ya taɓa shi da yatsa. Ya cire hularsa. Ya kafa baki a jikin gilashi, ba dariya ko kaɗan a fuskarsa, ya ce, "Maikuɗi, ya haƙuri? Allah ya ba ka dangana."

An ce Maikuɗi ya daɗe yana kallonsa, yana jiran ƙarashen wasan. Da ya ga babu, sai ya sauke hannuwansa daga sitiyari ya ce, "Amin. Na gode." Waɗanda ke kusa suka ji, suka ba na baya. Haka aka tabbatar da rasuwar, kafin ma diga ta fasa gefen ƙofa a zaro shi.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, da gwiwoyinsa da suka yi kanta. Da Hinda, wadda take fatan a mayar mata da robobinta da ɗankwalayenta ko da sun yi baƙi. Da tayoyi huɗu da ko zanensu bai goge ba. Da kirik, da kile na maƙeri. Da bokiti guda na marayun ƙusoshi da har yau ba a san mazauninsu ba. Da wata kaza wake-wake da ta daɗe tana ƙwai a bayan kujera. Batira da dama sun riga ta gidan gaskiya.

Game da jana'iza, liman ya ce ba wanka ba salla, kada a wuce gona da iri. Gawa za ta zauna inda ta faɗi, tunda ba ta shiga ba ta fita. Za a lulluɓe rabin da ke waje da zana saboda rana. Masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri tukuna, mai rashi bai kai nan ba.

Za a yi sadaka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidan. Hinda za ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka da nama, za a zaunar da miskinai goma su ci su ƙoshi. Liman da kansa zai ƙirga su, don ya ce abin da ya daɗe yana jira ke nan, kada a samu tara.

Masu zuwa gaisuwa su daure su zo kafin Asabar. Ranar Asabar da safe ba za a samu mai rashi a gida ba. An riga an jiƙa masa toka da sabulu yana ta dirzar fuska da hannu, don tsohuwa ba ta son warin mai. Mansur ya ce gidan gaba yana nan tun ranar da ya ajiye shi, kuma ya yi alkawarin ba zai ce uffan ba har su wuce tsamiya. Bayan tsamiya kuwa bai yi alkawarin komi ba.

Mai sanarwa a madadin dangi: Mero, gwaggon mai rashi, uwar Mansur mai baki.