Rasuwar Siririya, Bakin Zanen Ƙarfe

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Maizane, mai shagon nan da ke tsakanin mai walda da mai gyaran fanka, yake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Siririya, bakin ƙarfen da injinsa mai kwamfuta ya daɗe yana rubutu da shi a jikin tagulla. Ta rasu a bakin aiki, kanta a sunkuye, kamar yadda ta rayu.

Marigayiya ba 'yar kanti ba ce. Daga wani karyayyen baki da aka yar Maizane ya fitar da ita. Ya wuni a gaban dutsen washi yana gyara mata tsini, yana dubawa da madubi, har abincinsa ya huce. Tunda ta kama aiki ba ta taɓa kauce wa layi ba. Ta rubuta sunayen likitoci da lauyoyi, da lambobin gidaje, har da sunan wata kyanwa a jikin abin wuya, kuma ba ta nuna wa kowa bambanci ba. Ba ta da hayaniya. Iyakar maganarta "ziiii", in ta gaji ta ce "zirrr".

Ciwon ajali ya fara ne da ƙaiƙayi a gefen haruffa, in ta rubuta sai su fito da kaushi. Mai walda ya ba da shawarar a yi mata ritaya, Maizane ya ce tsufa ba cuta ba ne. Ana cikin haka aka ɗaga uwargidansa zuwa shugabar makaranta, ta ce ba wanda zai yi allon ƙofar ofishinta sai mijinta, kuma ba ta son tagulla, sai ƙarfen nan mai ƙyalli da taurin kai wanda ba ya tsatsa. Akwai sababbin bakuna da aka yi don irin wannan ƙarfe. Maizane ya ɗauko ɗaya, ya juya shi, ya mayar. A ganinsa wadda ta ciyar da gidan ita ta cancanci rubuta wannan allo.

Siririya ba ta yi musu ba. Ta shiga ƙarfen tana rawar jiki, ta bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, har ta rubuta BABBAR MALAM. Saura harafi guda ta ce "ƙas". Nan take ta karye.

Wani sabon baki mai faɗin kai ne ya ƙarasa harafin, ya fito ya fi 'yan uwansa ƙiba. Maizane ya so ya sake allon, uwargida ta karɓe, ta ce haka za ta kafa shi, duk wanda ya tambaya a turo shi shago ya ji bayani.

Marigayiya ta bar injin da ya riƙe ta tsawon rayuwarta, da ƙanne cike da akwati waɗanda a cikinsu ba wanda ya gaji halinta, da dutsen washi, da maigida wanda har yanzu hannunsa kan kai gurbinta ya dawo wayam.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi. Za a naɗe ta a tsumma mai mai, a sa ta a gwangwanin madara, a ajiye a aljihun tebur na sama. Ana roƙon mai sayen tsofaffin ƙarafa da kada ya halarta. Mai walda kuwa zai iya zuwa, in ya yi alkawarin ba zai ce ai ya faɗa ba.