Guɗar da Na Yi wa Lauyan Sale

Ko gobe aka tashe ni daga barci ba zan manta da ranar nan ba. Damina biyu ke nan bayan an yanke mana layin waya, shekarar da mutanen Ruma suka cika Batsari da gudun hijira.

Ku fara sanin ko ni wace ce. Ban yi boko ba, amma a Karare ba a ɗaura aure ko raba gardama sai an ce a kira ni. Da Sale Gajere ya tuge gambar da ke kan iyaka ya haɗe gonar mijina marigayi Malam da tasa, ni na tsaya gaban alƙali na lissafo bishiyoyin gonar har da kututture. Muka ci. Sale ya kai ƙara Katsina, ya ci. Ɗana Sani ya ce saura Kaduna, kotun ɗaukaka ƙara, ya ɗauki lauyan da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Inna, can ba a kiran shaida, lauyoyi ke magana. Ki zauna gida."

Ni? Na ɗauki ƙawata Tabawa (don a samu mai ba da labari in mun dawo), na ci ado da leshin Makka.

Alƙalai uku, ta tsakiya mace. Lauyoyi kuwa duk baƙar riga da hular gashin tunkiya, ba ka rabe na Audu da na Tanko. Aka kira mu. Wani siriri ya miƙe, ya yi 'yan ƙus-ƙus da Turanci, ya zauna. Ko kunu bai isa hucewa ba. Na zunguri Tabawa na ce, "Sale ya yi asara, ya ɗauko mai mura."

Sai wani ƙato ya tashi, murya kamar tsawar Agusta. Yana nuni, yana juyi, sau uku ina jin sunan Malam a bakinsa. Na ce to, wa zai riƙa ambaton mijina haka in ba namu ba? Ban san lokacin da na miƙe na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Faɗa musu!"

Alƙaliyar ta sauke tabarau, ta ce da Hausa, "Baba, wace ce ke?"

"Ni ce mai gonar, ranki ya daɗe."

"Kin ji abin da ya ce?"

"Ko ƙwayar gero ban cire daga maganarsa ba!"

Sani yana jan zanena kamar zai tuɓe ni. "Inna, lauyan Sale ne! Cewa yake Baba ya sayar da gonar tun da ransa!"

Daga bayana na ji muryar Sale: "Na gode, Inna. Allah ya bar zumunci."

Ɗan sanda ya raka ni waje cikin ladabi (ladabin ya fi mari ciwo). Tabawa kuwa ba ta bari mun kai Funtua ba, kowa a motar ya ji.

Wata uku ina ganin na ba da gonar marayu da bakina. Sai hukunci ya fito: gona tamu ce. Ashe siririn nan, lauyanmu, ya gama maganarsa a takarda tun kafin mu zo, guɗata kuma ba a rubuta ta ba. Shekara saba'in ina auna mutum da muryarsa, ranar na gane ganga mai ƙara cikinta wofi ne, kuma har da tawa.

Sale ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Sani na nan. Tabawa ma na nan, haƙori biyu suka rage mata, kuma duk bikin da aka ce in yi guɗa sai ta ɗaga murya: "Ku fara nuna mata angon!"