Rasuwar Amarya, Na'urar Juya Jini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tuƙuƙi da ya fi baƙin cikin zafi, nake sanar da abokan aikina na asibiti, da duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa a sashen gaggawa, rasuwar Amarya, na'urar juya jini ta ɗakin gwaje-gwaje. Ta cika jiya da hantsi tana tsakiyar aiki, da jinin wani bawan Allah a cikinta.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ita ce farar na'urar nan mai murfi kamar na tukunya, wadda ke zaune a kusurwa kusa da famfo. Aikinta ta karɓi kwalaben jini ta yi ta juyi da su da gudu, har jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama garau, sannan mu auna mu gaya wa likita halin da ƙoda ko hanta take ciki. A lulluɓe cikin leda ta shigo ɗakinmu, shi ya sa aka sa mata Amarya, sunan kuwa ya bi ta har tsufa. Abokan aiki kan tsokane ni wai matata ce. Ban taɓa musawa ba. Ni nake goge mata jiki kowace safiya. Idan ta tashi aiki sai ta ce "hmmmm", a hankali, kamar uwa tana rarrashin jariri, idan ta gama ta ce "ƙit", ta yi shiru. Na karanta littattafan soyayya ba adadi, ban ci karo da masoyiyar da ta kai ta cika alkawari ba.

Ba ta taɓa tambayar jinin wane ne ba. Na mai kwat da na mai dako, juyi ɗaya take musu. Abu ɗaya tak ta roƙa a rayuwarta: kada a sa mata kwalba ita kaɗai. Idan ka sa kwalbar jini a rami, ka sa wata mai nauyinta a ramin da ke fuskantarsa, ko da ta ruwan famfo ce, don nauyi ya daidaita. Shi ke nan sadakinta. Famfon kuwa ga shi nan a gefenta, hannu kawai za ka miƙa.

Wannan ne ya gagare mu.

Likita zai leƙo ya ce, "Sakamakon nan yanzu-yanzu nake so!" Sai wani ya cusa kwalba ɗaya tilo ya danna maɓalli. Amarya ta kama ɓari, tana "gar-gar-gar", tana tafiya a kan tebur kamar mai neman hanyar gudu. Na yi magana har na gaji. Oga, shugaban ɗakinmu, ya ce, "Kai dai da iyayi kake. Ƙarfe ne fa, ba budurwa ba." Da ɓarin ya yi yawa, sai aka fara danne murfinta da gwiwar hannu. Da hannaye suka gaji, Oga da kansa ya kawo dabara: ya cika jarka da ruwa ya ɗora mata a ka. Ku duba wannan abu, jama'a! Ruwan da bai fi cokali ba aka kasa zuba mata a kwalba, amma aka iya cika jarka guda aka aza mata. A haka ta yi jinyarta, tana aiki da kaya a kanta, muryar nan tata mai daɗi ta koma gurnani.

Jiya da hantsi aka kawo jinin Baba tela, dattijon da ke gadon bakin taga, wanda ƙodarsa ta tsaya. Likitoci na jiran awon gishirin da ke jininsa kafin su san maganin da za su ba shi, da ko za a kai shi wankin ƙoda. Ina can wajen firij aka sa kwalbarsa, ita kaɗai kamar kullum. Na ji "gar-gar-gar", sai "ƙwas!", sai shiru. Da na buɗe murfi, kwalbar ta tarwatse, jinin Baba ya wanke cikinta. Mai gyara ya duba ya ce sandar tsakiyarta ta lanƙwashe, ba sauran magani.

Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, na san ƙarfe ce. Amma zan ce Allah ya isa.

Domin tun jiya sai dai a ɗebi jinin Baba a ba wani ya sa a aljihu, ya hau babur cikin rana zuwa wani ɗakin gwaji a can ƙarshen gari. Kafin ya isa, girgiza da zafi sun farfasa ƙwayoyin, sai a aiko cewa jinin ya lalace, a sake ɗiba. An sake, ya sake lalacewa. Hannun Baba na dama ya kumbura, ya yi baƙi, sista ta nemi jijiya ta rasa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni da na tsufa da allura a hannu, ban taɓa yi wa yadin mutum irin wannan hudar ba." Ya yi dariya. 'Yarsa da ke zaune a gefen gadon ba ta yi ba. Duk wucewar da zan yi sai ta miƙe ta ce, "Yaya, sakamakon ya fito?" Ni kuma in sunkuyar da kai.

Marigayiyar ta rasu ta bar madubin duba ƙwayoyin cuta mai ido ɗaya, da firij mai fama da tari, da wata 'yar kwalbar ruwa da na cika mata da hannuna na ajiye a gefenta, wadda ba wanda ya taɓa ɗauka sai ni. Ta kuma bar jarka, cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi jana'izarta gobe da safe. Za a ɗauko ta daga kusurwarta, a bi ta bayan ɗakin wanki, a kai ta tsohon sito inda 'yan uwanta suke kwance. Iyalan mamaciyar sun roƙi Oga ya ɗauke ta shi kaɗai, ta gefe ɗaya, ba mai kama masa, ko ya ji yadda abin yake. Ba a buƙatar zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya ya cika kwalba da ruwa ya ajiye a ɗakin da yake aiki.

Ni dai ba zan samu halarta ba. Sista ta gano jijiya ɗaya da ta rage a bayan hannun Baba na hagu, kuma gobe da safe za ta ɗiba. Ni zan kai jinin da kaina, a tsaye cikin akwati, rungume a ƙirjina, ba rana, ba girgiza. Duk wanda ya ce min in yi sauri a hanya, ya kuka da kansa.